Tuwon da Aka Tuƙa da Iri

Shekarar da Turawan kantin garin Lau suka daina sayen gyaɗa, ina 'yar shekara bakwai. Mahaifina, Baffa, ya cika gonarmu ta Iware da gyaɗa, dawa ɗan gefe kawai ya bar mata. Aka ce kasuwa ta faɗi can ƙasarsu. Buhunanmu suka dawo gidanmu na Jalingo a kan jakuna yadda suka tafi. Safe dafaffiyar gyaɗa, rana ƙuli-ƙuli, kullum.

Wata la'asar na hankaɗe ƙwaryar ƙuli-ƙulin, na faɗi ina birgima, ni tuwo nake so. Inna ta daɗe tana dubana. Sai ta taka turmi, ta kwance zangarniyoyin dawar da ke rataye saman murhu, inda hayaƙi ke tsare su daga ƙwari. Irin da za a shuka baɗi ke nan. Ta sussuke, ta niƙa, ta tuƙa. Tuwon yana ƙaurin hayaƙi. Na cinye tas, na suɗe yatsu.

Baffa ya shigo, ya ɗaga kai ya ga igiya ba komai. Inna ta sunkuyar da kai. Bai yi faɗa ba. Tsugunawa ya yi gabana, ya ce, "Kin ƙoshi, Dudu?"

Na ce, "A'a, a ƙara mini."

Da damina ta faɗi, Baffa, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba, ya bi gidajen maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Mumuye da hularsa a hannu yana neman iri.

Yau ina da jikoki. Amma tuwo in ya yi ƙauri, har yanzu ba ya wuce mini maƙogwaro.