Gabun da Inna Ta Rabar

Shekarar da Baba ya tafi ci-rani aka daina jin labarinsa, rumbunmu ya ƙare tun kafin shuka. Matan unguwarmu a Tawa suka haɗa kai su taimaka mana. Sai dai kowace ta aiko da nata hatsin cikin ƙwaryarta.

Da la'asar tsakar gidanmu ya cika da ƙorai. Ni ina tsalle, Inna kuwa ta yi tagumi. Ta juye hatsin, ta ɗauko tukunyar gabu, busasshen ganyen albasa, shi kaɗai ya rage mana na miya. Ta bi ƙoran tana sa curi ɗai-ɗai. Da gabun ya ƙare, ta koma ɗibar hatsin, na wannan gida cikin ƙwaryar wancan.

Na ce, "Inna, ai mu anka kawo ma!"

Ta ce, "Ɗiyata, in na maida ƙwarya wofi, gobe da wane ido za ni gaishe su bakin rijiya?"

Ni na mayar da su gida-gida, ƙamshin gabu na bina, ina kukan haushi. Ba wadda ta ce a'a. Duk sun karɓa, har da sa albarka.

Shi ya sa yau in ana haɗa taimako ake cewa na faye faɗa. Ina ganin mace ta ɗauko ƙwarya nake cewa ta juye a buhu. Buhu ba a mayar da shi.