Ɗaya Nan, Ɗaya Can Tudu

"Babbar nan ita kaɗai ta ishe ku, Malam Sa'idu," in ji Adila, injiniyar da ke zaɓa wa ƙaramin asibitinsu sabuwar na'urar ajiye bayanai. "Faifai biyu gare ta. In ɗaya ya mutu, ɗaya na nan."

"Ƙanana biyu nake so. Ɗaya nan, ɗaya can tudu, a garin Malam Madori."

"Ba za su yi sauri ba fa."

"Tsohuwar ma faifai biyu gare ta. Tare ambaliyar bara ta cinye su."

"Ai kun sake rubuta sunayen marasa lafiyan."

"Mun sake." Ya kawar da kai. "Hoton 'yata Kulu da ke ciki fa? Ranar rigakafi aka ɗauke ta, sau ɗaya tak kafin ta rasu. Har yau uwarta tambayata take ko an gyara."