Abin da Ya Rage a Bakinsa

Tayar keken guragun ta maƙale a bakin matakala, sai da 'yarsa ta ja baya ta sake turawa kafin suka shiga harabar majalisa. Shi dai tsohon yana zaune, hannun dama a kan cinya kamar na aro. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, magana ta gudu ta bar masa kalma biyu tak. Ko ƙishi yake ji, ko ciwo, abin da ke fita daga bakinsa ɗaya ne: "Haka ne."

A bakin ƙofa akwai irinsa da yawa, masu keke da masu sanda, rana na dukansu. Yau za a kaɗa ƙuri'a a kan dokar da za ta tilasta wa kamfanonin inshora su ci gaba da ɗaukar jinyar mai shanyewar jiki har ya samu sauƙi. Jam'iyya mai rinjaye ce ta kawo dokar, amma a cikinta akwai wani gungu da ake kira 'Yan Tsakiya, masu cewa kada a matsa wa 'yan kasuwa. Sun kawo gyara: kamfani ya ɗauki jinyar 'yan watanni, daga nan kowa tasa ta fishshe shi. Ba su da yawa, amma inda suka karkata nan sikeli ke rinjaya.

Tsohon ya san abin da gyaran nan ke nufi. A ɗakin gashin ƙashi na asibiti ya haɗu da wani direban tanka, mai yawan barkwanci, wanda shi hagu ce ta mutu masa.

"Baba, da za a ɗinke mu, ai da an samu mutum guda lafiyayye," in ji direban, yana koya masa riƙe cokali da hagu.

Direban ya fara tsayawa da ƙafarsa ke nan kamfanin inshora ya ce kuɗin jinyarsa ya ƙare. Daga ranar tsohon bai sake ganinsa ba.

Shi ya sa da ya ga ana maganar dokar a talabijin, ya dinga dukan hannun kujera yana nuna allon, har 'yarsa ta ce, "Na gane, Baba. So kake a yi a gabanka." Ta buga waya, aka shirya zuwansu. Tun daga lokacin yake zama gaban madubi yana kokawa da harshensa a kan kalma ɗaya: a'a. Wani lokaci har yakan ji ta taso, ta zo maƙogwaro, ta koma.

Wata mata ta ratso taron ta durƙusa gaban kekensa. Matar direban ce.

"Baba, kai ma ka fito? Allah ya saka da alheri. Abokinka ya rasu, gyambon kwanciya ne ya cinye shi. In ka shiga ka faɗa musu."

Ya so ya yi mata gaisuwa. Ya ce, "Haka ne."

Masu gadi suka buɗe musu ƙofa ba tambaya, suka mayar suka rufe a fuskar sauran.

Aka ajiye shi a benen baƙi, a sahun gaba, inda duk zauren ke ganinsa. Hakan ya yi masa daɗi. Ko bakin bai yi ba, jikin nan ya isa hujja.

Jagoran 'Yan Tsakiya ya miƙe. Ya ce saniyar da ake tatsa ba a yanka ta. Ya ce in aka ɗora wa kamfanoni abin da ya fi ƙarfinsu za su kwashe nasu ya nasu, ma'aikata su rasa aiki. Kowace jimla, kafin jagoran ya kai ƙarshenta, tsohon ya riga ya ƙarasa ta a zuci.

Amma zauren bai natsu ba. Wasu daga cikin 'Yan Tsakiyar sun sunkuyar da kai. Wata 'yar majalisa a cikinsu ta tashi ta ce ita dai ta ga waɗanda ke waje, zuciyarta ba ta ba ta ba. Kaɗan ya rage gyaran ya faɗi.

Sai jagoran ya juya ya nuna bene.

"Ga wanda ya fi mu duka sanin ciwon nan, ya taso daga gadon jinya ya zo. Baba, gyaran nan shi ne daidai, ko ba haka ba?"

Wani ya miƙo abin magana ya kara masa a baki. Tsohon ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa. Ya so ya girgiza kai, wuyan ya yi rawa kawai. Ya danna harshe, ya buɗe baki, gumi na zubo masa. Muryarsa ta cika zauren:

"Haka ne."

Tafi ya ɓarke. 'Yar majalisar ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta zauna a hankali. Da aka kira ƙuri'a, hannunta na cikin waɗanda suka tashi. Gyara ya wuce.

Hawaye suka zubo masa, ba hannun da zai kare fuska, don na hagun nasa kuwa 'yarsa ta riƙe shi gam tana murmushi. Wani ɗan jarida ya matso yana tambaya ko lafiya. Ta ciro hankici ta share wa mahaifinta ido.

"Kukan daɗi ne," ta ce. "Ai shi ya kafa 'Yan Tsakiya, gyaran nan ma shi ya rubuta shi da hannunsa kafin ya kwanta."