Inda Mbah Kasmuri Ke Jefa Ƙugiya

Wardoyo ya kai yatsa zai goge hoton, sai yatsan ya ƙi sauka.

Aikinsa ke nan kowace Juma'a a ƙungiyar masu kamun kifi da ƙugiya ta unguwarsu a Sidoarjo. Duk wanda ya kamo abin nunawa a kogi ko a teku, sai ya ɗora hoto a shafin ƙungiya. Manhajar shafin ta yi ƙaramin kwafi don 'yan kallo, ta share bayanan da ke maƙale da shi. Asalin hoton kuwa yana faɗawa wata jaka da Wardoyo kaɗai ke iya buɗewa. Ya rantse gaban jama'a zai riƙa gogewa ba leƙe, don waya munafuka ce, tana rubuta inda aka ɗauki hoto a cikin hoton. Masunci kuwa, gara ka zage shi da ka tambaye shi wurin kamunsa.

Shekara uku yana cika alkawari. Shekara ukun nan kuma shi ne na biyu a gasar babban kifi.

Na ɗayan ba kowa ba ne sai surukinsa, Mbah Kasmuri, tsoho mai ƙwaraɓaɓɓen keke da sandar gora. Abin da ciwo fa! Wardoyo ya sayi sanda 'yar Japan, yana hayar kwalekwale har cikin teku. Shi da ke da tafkin kiwon kifi nasa a bayan gari, yana zuwa duk Litinin da Alhamis, ai ba a koya masa halin kifi. Amma kullum tsohon nan sai ya ɗoro hoton kifin kakap mai faɗin cinya, ba komai a hoton sai kifi da ganyen ayaba.

Da ma a nan ya tsaya, da sauƙi. Sai ya rataya kifin a keke ya kawo musu har gida.

"Ungo, 'yata, gasa wa mijinki, ko ya san ɗanɗanon babban kifi."

"Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya," in ji Wardoyo, ya haɗiye takaici ya kora da shayi.

Jibi Lahadi za a rufe gasar bana, akwai kofi da ƙaton bunsuru. Ba bunsurun ya dame shi ba, dariyar abokai ce, don har sun fara kiransa Sarkin Na-biyu. Ga hoton tsoho na wannan makon a gabansa, asalinsa, da duk abin da waya ta tsegunta.

Ya waiga hagu, ya waiga dama. To, rantsuwa dai ba ta da ido. Ya buɗe bayanan, ya kwashi lambobin wurin ya tura wayarsa, sannan ya goge hoton tas, kamar mutumin kirki.

Da asubar Asabar ya saɓa sanda ya hau babur. Ya cusa wayar a aljihu, ya maƙala abin ji a kunne, muryar taswira na ce masa bi dama, bi hagu. Murna kamar ta kashe shi. Yana tafe yana tsara yadda gobe zai sauke wa suruki kifi a ƙofar gida, ya ce a gasa wa Baba.

Aka bar kwalta, aka hau siraran hanyoyin da ke ratsa tafkuna. Ya gane yankin sarai, kogi na shiga teku a gaba kaɗan. Lallai tsohon nan shu'umi ne! Ashe wurin na ƙarƙashin hancinsa, shi yana can yana amai a kwalekwale.

Ba a kai kogin ba muryar ta ce, "Ka iso."

Ya taka birki. Ga keken nan jingine da shingen gora. Ga Mbah Kasmuri zaune daram a bakin ruwa, sigarin kanumfari a baki, sandarsa ta lanƙwashe, wani ƙato na ta bugun ruwa. Tsohon ya juyo, ko a jikinsa.

"A'a, ɗana! Yau fa Asabar, ba ranar zuwanka ba ce. Wa ya ce maka ina nan?"

Wardoyo ya sauko daga babur. Ya tsaya yana kallon tafkinsa, nasa na kansa, da kifin da ya shekara uku yana ciyarwa, yana ci a gashe, yana godiya.