Dami Dubu Da Ɗaya A Gandun 'Yan'uwa Bakwai

Kai da kake taƙama da iya lissafi, matso ka ji abin da ya sami wani manomi. Shi ne babba a gandun 'yan'uwa bakwai, shi ke rabon hatsi tun rasuwar mahaifinsu, ba a taɓa kama shi da cin ko zangarniya ɗaya ba. Ɗaya daga cikin ƙannensa ya rasu da bazara, sai matar marigayin ta tsaya a madadin marayunta. A shekarar gero ya yi kyau ƙwarai. Bayan an fid da zakka tun a gona, ya ƙirga abin da aka kawo fage, ya tarar dami dubu da ɗaya. Shi dai abin da ya sani, dubu tana rabuwa biyu, tana rabuwa biyar, tana rabuwa goma, ba ta barin saura. To, wannan ɗayan da ya yi tsaye a kai fa? Ya ce a ransa ai wannan fitina ce, a kansa za a yi rigima. Da tsakar rana, kowa ya tafi gida, wani matafiyi ya zo wucewa da jakinsa, sai ya ɗora masa dami guda sadaka, bai gaya wa kowa ba. Ya koma gida har da murmushi, wai ya kashe wuta tun ba ta kama ba.

Ranar rabo aka bi al'adar gidan: a zagaya kowa ya ɗauki dami ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, matar marigayin ce ƙarshe. Aka yi ta zagayawa har sau ɗari da arba'in da biyu lafiya lau. A zagaye na gaba mutum shida suka ɗauka, uwar marayu ta miƙa hannu, wayam, sai ƙasa! Sai gwaggonsu, tsohuwar da ta zauna bakin fage tun ranar da aka fara jido, ta kwance bakin zaninta ta zube tsakuwa. Ashe duk dami bakwai da aka sauke sai ta ɗauki tsakuwa ɗaya, ga su nan ɗari da arba'in da uku cif, ko dami guda bai yi saura ba. Ta dube shi ta ce, "Kai ke tsaron fage. Ina damin marayu?" Innalillahi! Dubu da ɗayan da ya tsorata da ita, ita ce ke rabuwa bakwai daidai. Dubun da ya yarda da ita ce ta tona shi. Ya rantse, ya ce a ɗauki nasa a cike, amma ina! Matafiyi ya yi nisa, ba shaida. Kafin la'asar an karɓe rabon gandu daga hannunsa, har ya mutu ana nuna shi da baki, wai ga wanda ya ci abincin marayu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.