Sunan da Nake Bugawa a Jakunkuna

Ranar Talata, ana tafka ruwa a garin Shiling na ƙasar Sin, na faɗa masana'antar jakunkuna ina huci, na nufi mai ita, wanda muke kira Lawban.

"Lawban, uban wa ya ce ka buga sunana a kayan abokin gasata Osmanu ɗan Gana?"

Sunan da nake bugawa a jakunkunana shi ne Conciarelli. A waya na tsinto shi: sunan wani dangi ne a Italiya, wai asalinsu majema, gidajensu ba su kai goma ba. Na ce wa zai sani?

Na daki tebur. "Nawa ne! Ni na fara buga shi!"

Wani tsohon Bature da ke shan shayi ya miƙe, ya buɗe mini fasfonsa. Conciarelli.

Tafintansa ya ce, "Ashe kai muke nema."

Na rasa jaka dubu biyu, hatimina da bizata.