Amin a Mararrabar Kajiji

Akwatin ƙarfe, risho, Littafi Mai Tsarki, da kwalbar allurar maciji ta ƙarshe. Da su na bar aikina a ɗakin shan maganin ƙauyenmu, na hau motar Bodinga. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, magani ya ƙare. Kuma tun da na dawo daga karatu a Jos ina Kirista, ko kawuna bai ƙara amsa gaisuwata ba.

A mararrabar Kajiji aka tare mu. Kawun ne, ɗauke da 'yarsa, ƙafarta ta kumbura, dasashinta na zubar da jini.

"Kububuwa ta cije ta," ya ce wa direba, bai dube ni ba. "Kai mu Sakkwato."

"Baba, wagga ba ta kai Sakkwato," in ji direba.

Na sauka na yi mata allurar a gindin bagaruwa. Kafin direba ya gama mita, jinin dasashinta ya tsaya. Ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Na durƙusa a ƙasa, a gaban kowa. "Ya Uba na sama, na gode! Ka mayar da rai, ka cika bakina da dariya. Ɗaukaka taka ce har abada."

Shekaru ke nan ni nake amsa wa kaina addu'a. Yau wata murya ta riga ni.

"Amin," in ji kawu. "Tashi, ɗana, kama mini ita."

"Likkita, shiga mu tai!" direba ya daka tsawa.

Na sauke akwatina, na rufe ƙofar motar daga waje.

"Tafi. Gida zan koma."